Duwatsun Murhu da Ruwan Sama Ya Wanke

Da sunan wanda ya shimfiɗa ƙasa ya hore wa ƙafa taka ta, ya buɗe ido ya ɗora masa kwaɗayin gani. Bayan haka, ni ne Nomau ɗan Tunau, mutumin wani gari da yanzu babu shi. Mahaifina da ƙanensa ne suka yi jayayya a kan wanda zai riƙe garin, har jama'a ta dare biyu, wasu suka yi gabas wasu suka yi yamma, aka bar wa kwaɗi rijiya. Tun daga ranar na ɗauki gora da sanda na shiga duniya, ina son in ga ko akwai mutanen da suka iya zaɓen shugaba ba tare da sun fasa garinsu ba.

Na kuwa ga abubuwa. Na ga ƙasar da ake naɗa wanda ya fi kowa jure yin shiru, sarkinsu ya shekara tara ana yabon zurfin cikinsa kafin a gane bebe ne. Na ga ƙasar da ake sakin tsohon bunsuru a kasuwa, wanda ya lasa shi ne sarki, don haka duk manyan garin da gishiri a tafin hannu suke yawo. Amma abin da na gani a Zarmandu shi ne ya zauna mini a rai, shi kuma zan ba ku.

A shekara ta goma sha ɗaya da barina gida na iso bakin Kogin Sarƙa, wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan. Ina durƙushe ina cika gorata sai ruwa ya tsage, wani kada mai tsawon kwalekwale biyu ya ɓullo, da mutum zaune a gadon bayansa riƙe da linzamin ƙarfe. Waɗannan su ne Mahaya Kada, masu kama mutane su kai su haƙar magudanai har mutuwa. Suka jefa ni wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, suka jera kadojinsu suka kewaye ni, ko igiya ba su ɓata a kaina ba.

Kwana uku ina kallonsu, don kallo ne sana'ata. Na lura idan rana ta take tsaka kadojin sukan hangame baki su sandare kamar gungume, ko an doke su ba sa motsi, mahayan kuma sukan shige rumfa su bar su. Rana ta huɗu da tsakar rana na tuɓe takalmi, na taka bayan na farko, na tsallaka na biyu, haka har talatin da huɗu, sannan na faɗa ruwa. Ban iya iyo sosai ba. Komar kamun kifi ce ta cece ni. Wani masunci ya jawo ni cikin jirginsa ina amayar da ruwa, ya dube ni ya ce, "Ikon Allah. Shekara arba'in ina su, yau na kama kifi mai gemu."

Sunansa Makau. Ya kai ni garinsu, Tsibirin Talgo, inda gidaje ke tsaye a kan dirkoki cikin ruwa. Rabinsu a ƙone. A gaɓa kuwa na ga mayaƙa da masu, dogaye, kana ganinsu ka san ba mutanen ruwa ba ne, don ko a cikin jirgin da ke ɗaure sai sun riƙe gefe.

Makau ya ce, "'Yan Zarmandu ne, daga kan dutse. Damina biyu ke nan suna tare mana kada."

Na ce, "Me kuke ba su?"

"Kifi, in sun ci. Ba su ma so, wai ƙarni."

Ya ja ni tsakiyar tsibirin ya nuna mini wani baƙin dutse, girman kan mutum, a ƙarƙashin 'yar rumfa. Ya ce kakannin Zarmandu sun taɓa zuwa bakin kogin nan a guje, maƙiya na bin su, Talgawa suka yi kwana arba'in suna ƙetarar da su ba ladan komai. Da za su wuce, shugabarsu ta cire dutse ɗaya daga murhunta ta ajiye nan, ta ce muddin dutsen nan yana wurin, wutarku wutarmu ce.

"Zuriya bakwai ba mu taɓa kiransu ba sai yanzu," in ji Makau. "Shugabarsu ta yanzu, Mai-Muciya Gwamma, ta amsa. To, saura kwana tara su yi zaɓe. In ta faɗi, za a kira yaran nan gida, mu kuma ka ga inda ka fito."

Jin kalmar zaɓe, sai na ji ƙafata ta warke. Washegari na kama hanya.

Zarmandu a kan tsauni take, matakala dubu uku daga ƙasa zuwa ƙofa, gajimare yana wucewa ta ƙarƙashin ganuwarta kamar garken tumaki. Ina isa ƙofa, numfashi na neman ƙwace mini, sai masu gadi suka kaure da ihu, "Baƙo! An samu baƙo!" Na ce a raina yau kuma wane tudun yashi ne. Ashe murna suke. Aka kai ni masauki, aka kawo tuwo da miyar da ban san ganyenta ba, sannan wani mutum mai saurin magana ya shigo. Jatau ke nan, ƙanen Gwamma kuma mashawarcinta.

Ga yadda ya bayyana mini al'adarsu. Duk shekara uku ake zaɓen wanda zai riƙe muciyar gari, wata muciyar ƙarfe da ke matsayin sandar mulki. Ranar zaɓe kowane gida zai ciro dutse ɗaya daga cikin ukun da ke murhunsa, ya kai fili, ya ajiye gaban wanda yake so. Tukunya ba ta zama a kan dutse biyu, saboda haka ba mai girki a garin sai an san shugaba, shi ya sa ba su taɓa jan rigimar zaɓe ta wuce yini ɗaya ba. Kowane dutse da shaidar gidansa a sassaƙe, don ya koma inda ya fito. Mai ƙirga kuwa dole ya zama baƙon da ba shi da murhu a garin, kuma abin da idonsa ya gani shi ne hukunci, ba a ɗaukaka ƙara.

"Wata huɗu muna jiran baƙo," in ji Jatau. "Yaƙi ya toshe hanya. Saura kaɗan mu sauka mu sato wani."

Na ce, "Ƙirga ai ba wuya."

Ya ce, "Akwai saura. Gidan da ya rasa ɗa a yaƙi, Mai-Muciya da kanta take zuwa ta faɗa musu, ta shafa wa dutsen murhunsu farar ƙasa da hannunta. Farin dutse biyu ake ƙirga shi, ɗaya na mai gida ɗaya na mamacin." Ya yi ajiyar zuciya. "Fararen duwatsu sittin da ɗaya ne a garin nan bana. Ka ga matattu ma zaɓe za su yi."

Kwana uku kafin zaɓe aka yi abin da suke kira ranar tambaya. Masu neman muciya su biyu suka zauna a dandali, kowa ya tambaye su abin da ya ga dama. A nan na fara ganin Gwamma: gajeriyar mace, ta haura hamsin, muryarta ba ta da daɗi, tana da ɗabi'ar kallon mutum har sai ya gama magana ya rasa inda zai sa idonsa. Abokin karawarta Korau ne, shugaban maƙera, ƙato mai fara'a. Taubasai ne su biyun, uwarsa ƙanwar ubanta, don haka tun zamansa ya fara tsokanarta.

"Kuyangata, matsa mini, kin cinye tabarma."

Ta ce, "Bawa, tun yaushe ka samu izinin zama?"

Aka yi dariya. Daga nan ba a ƙara yi ba. Korau ya miƙe ya ce shi bai raina Talgawa ba, amma alkawari matattu suka yi wa matattu, kuma da jinin masu rai ake biyansa. Ya ce ƙanensa yana cikin sittin da ɗayan nan, ya mutu a cikin ruwan da ko wanka bai taɓa yi a ciki ba. Kada bai iya hawa matakala dubu uku ba, in ji shi, me ya kai mu gidansa? Ranar da ya riƙe muciya, ranar zai aika a dawo da yara. Na dubi fuskokin mutane na ga maganar ta shiga, ni ma kuma ban ga ƙarya a cikinta ba.

Sai wata tsohuwa mai suna Cima ta dogara sanda ta tashi. Ta ce, "Gwamma, ni ba dogon zance na zo yi ba. Kin shafa wa dutsena fari bara. Ina da sauran ɗa guda a bakin kogi. Yaushe zai dawo?"

Na ga Jatau yana yi wa yayarsa alama da ido. Daga baya na ji tun da safe yake roƙonta ta ce bayan girbi, kalma biyu kawai, in ta ci zaɓe girbi ai ba ya ƙarewa a duniya.

Gwamma ta ce, "Ban sani ba, Inna."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba. In na ce miki wata kaza, ƙarya na yi. Abin da na sani, ranar da muka janye, kwana bakwai ba za su cika ba sai an kwashe Talgo. Da jiragensu kakanninmu suka ƙetare, ba don su ba da babu wanda zai haife ni, balle ke, balle ɗanki. In kun ba ni muciya zan ci gaba da yaƙin. Kada wani ya ajiye mini dutse yana zaton wani abu dabam."

Cima ta dube ta ta ce, "To, Allah ya ba ki lada. Dutsena dai na Korau ne." Ta zauna.

Da aka watse na ji Jatau yana bin yayarsa a baya. "Yaya, ke da wa kike yaƙi, da kada ko da kanki? Wa ya ce ki rantse? Bayan girbi kawai!"

Ta ce, "Da bayan girbin ya zo, kai za ka je ka dubi idon Cima?"

Ranar zaɓe gari ya waye da zafi, sama fes. Tun hantsi mutane suke shigowa filin da ke kewaye da katanga, kowa da dutse a ka, maza da mata, su ajiye su fita. Na ga fararen duwatsu suna wucewa, na kuma ga inda mafi yawansu suke sauka. Da aka gama aka rufe ƙofar filin. Muka rage mu huɗu: Gwamma da Jatau, Korau, da ni. Doka ta ce baƙo ba zai fara ƙirga ba sai inuwarsa ta koma ƙarƙashin ƙafarsa.

Kafin inuwar ta kai nan, wani gajimare daga cikin masu wucewa a ƙasan ganuwa ya hauro. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, kamar an kifar da kogi. Muka fake a jikin katanga. Bai daɗe ba ya ɗauke, rana ta fito. Muka dubi tsibin duwatsun nan biyu, dukkansu baƙi ƙirin suna sheƙi. Wani farin ruwa kamar nono na gangarawa ta magudana.

Jatau ne ya fara ganewa. Ya kama hannuna ya ce a hankali, "Malam baƙo, ka ga farin dutse?"

Na ce, "Ban gani ba."

"To, ƙirga abin da ka gani."

Na dubi Korau. Fara'arsa ta tafi, amma ya ce, "Doka ce. An taɓa yin haka zamanin kakana, aka bar shi a yadda ido ya gani. Ƙirga, baƙo."

Na ƙirga, sau biyu. Gwamma ɗari huɗu da goma sha biyu, Korau ɗari uku da casa'in da bakwai. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na tuna Makau da komarsa, na tuna bayan kada a ƙarƙashin tafin ƙafata. Ban yi ƙarya ba, ban ɓoye dutse ba, sama ce ta yi aikinta. Na ɗaga baki zan sa a buɗe ƙofa in sanar.

Gwamma ta ce, "Dakata. Ba ka sanar ba tukuna, ko?"

"Ban sanar ba, ranki ya daɗe."

Ta kwance bakin zanenta. Ashe kullum da ƙullin farar ƙasa take yawo, don ba ta san ranar da manzo zai hauro daga kogi ba. Ruwa ya jiƙa shi ya zama kamar kunu. Ta nufi tsibin Korau, ta durƙusa, ta fara juya duwatsu tana duba shaidar gidaje.

Jatau ya ce, "Yaya! Yaya, don Allah. Allah ne fa ya aiko ruwan nan."

Ta ce, "Ruwa ya aiko, bai dawo da yaran ba." Ta ɗaga wani dutse mai zanen ƙafar zabo. "Gidan Cima. Tunau sunansa, mashi bai same shi ba, nutsewa ya yi." Ta shafa masa fari ta ajiye gefe. Sunan mahaifina ke nan. Ta ɗaga wani. "Gidan Barmo majemi. Ɗansa Nagona, wata uku da aurensa."

Korau ya matso. "Ke, kin haukace ne? Kin ci fa. Ni ban yi gardama ba."

"Na sani, bawa. Matsa, ka tare mini haske."

"Talgawan naki fa? Kin san abin da zan yi in na karɓa."

Hannunta ya tsaya a kan wani dutse. Ni da nake kallonta na san a nan ne abin ya yi mata nauyi. Sannan ta ce, "Na sani. Amma gobe in manzo ya hauro, da wane hannu zan shiga gidan mutane in shafa fari, alhali na ga an wanke na jiya na yi shiru? Ni na tura su. In sun ce a'a, sai in ji." Ta ɗaga dutsen. "Wannan naku ne, Korau. Ko shi ma in bar shi baƙi?"

Korau ya juya mana baya, kafaɗunsa suna motsi.

Ba ta yi kuskuren ko gida ɗaya ba. Arba'in da tara ta fitar daga tsibin Korau, kowanne da sunan mamaci da yadda ya mutu. Ta koma nata ta fitar da goma sha biyu. Na ƙarshe ba ta faɗi suna ba, ta dai shafa masa fari ta riƙe shi a cinya. Jatau ya raɗa mini cewa na gidanta ne.

Ta ce, "Baƙo, yanzu ka ga fari?"

Na ce, "Na gani."

Korau ɗari huɗu da arba'in da shida, Gwamma ɗari huɗu da ashirin da huɗu. Aka buɗe ƙofa na sanar, ta miƙa masa muciya a gaban jama'a, kowa ya ɗauki dutsensa. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a ko'ina. Garin bai fashe ba. Korau ya cika maganarsa, a ranar ya tura manzo kogi. Ya kuma faɗa wa mutane abin da ya faru a cikin filin da bakinsa, ko da yake ba wanda ya tilasta masa.

Kwana biyu bayan haka na kama hanyar sauka, sai na tarar da Gwamma a matakala, da gammo a ka, farin dutsenta a kai, tukunya a hannu.

Na ce, "Ina zuwa, ranki ya daɗe?"

"Ka daina, yanzu Korau ne mai wannan gaisuwa. Talgo za ni. Gari ya janye, ai yana da iko. Ni dai kakata ce ta ajiye dutsen can."

"Ke kaɗai?"

"Jatau na baya da tabarmi, yana zagina."

A tsakiyar matakala muka yi kiciɓis da mayaƙa suna haurowa, ramammu, suna waƙar gida. Da suka gan ta waƙar ta mutu. Suka raɓe mata, ba ta ce da su komai ba sai sannu da hanya. Muka wuce. Can na ji takun ƙafa a bayanmu, na waiga. Ƙirga ta riga ta zame mini jiki: mutum ɗari bakwai suka hauro, tamanin da uku suka juyo. Wani dogon saurayi a cikinsu ya zo zai karɓar mata tukunya. Ta dube shi da irin kallon nan nata.

"Kai ba ɗan Cima ba ne?"

"Ni ne, Inna."

"Hau. Je ka ta gan ka, ka ci tuwonta. In ta sake ka, ka san hanya."

Ya yi tsaye yana jayayya, ta ƙi ba shi tukunyar. A ƙarshe ya hau. Saura tamanin da biyu.

A bakin kogi muka rabu, don hanyata ta yi kudu. Shekara shida bayan haka, a wata kasuwa mai nisa, na ga wani fatake yana sayar da bandar kifi, ya ce daga Talgo ya saro. Na riƙe masa riga. Ya ce tsibirin yana nan, ko da yake rabinsa kada ya ci, mutanensa kuma sun koma kwana da mashi. Ya ce Korau ne har yanzu riƙe da muciya a kan dutse, an sake zaɓensa, ana kuma jin daɗinsa.

Na ce, "Wata mata fa, Gwamma?"

Ya yi tunani. "Gajeriyar tsohuwa, mai farin dutse a murhu? Tana nan, banda take yi." Ya tona buhu ya ciro wani kifi baƙi ƙirin, ya ƙone har ƙaya. "Ga nata. Ba ta iya ba sam, kullum sai ta ƙona. Na ce da masuntan me ya sa ba za su hana ta ba, suka ce in ban ɗauki nata ba, ba za su sayar mini da nasu ba."

Na sayi kifin, na zauna a gindin wata bishiya na cinye shi duka, da ɗacinsa.